Shekarar da Babanku Ya Zuba wa Mota Siminti

Duk ranar da kuka haɗu, suna ne ko sallah, sai wani cikinku ya ɗauko zancen motar babanku, a yi ta dariya har wani ya ƙware da fura. Ba na hana ku, domin ni ma na yi tawa dariyar a lokacin, kuma na fi ku sanin inda abin dariyar yake. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar da na ji wata jikata tana gaya wa ƙawarta wai kakanta ya taɓa samun taɓin hankali, ya kwaɓa siminti ya zuba wa motarsa. Rabin labari kuka riƙe, kuma da shi kuke renon 'ya'yanku. Mutumin nan, Allah ya jiƙansa, yana da taurin kai, yana da son a ce ya iya, kuma bai taɓa jin shawarata ba sai bayan abu ya lalace. Amma hankalinsa ƙalau yake, kuma ina so ku san abin da ya kai shi.

Shekarar ce aka yi masa ritaya daga tuƙin manyan motocin da ke kwasar siminti daga izin ɗin Malbaza, wato masana'antar siminti. Da ɗan abin da aka sallame shi da shi ya sayo wata tsohuwar a-kori-kura wurin wani ɗan kasuwa a Ƙonni. Ban san launin da aka haife ta da shi ba. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, kuma ba ta tashi da safe sai an tara mutanen unguwa sun tura. Duk da haka ita ce gonarmu, ita ce abin da za mu ci har ƙarshen rai, domin shirinsa shi ne ya riƙa ɗaukar 'yan kasuwa da kayansu zuwa kasuwannin ƙauye. Yana wanke ta fiye da yadda yake wanke rigarsa. In ya zauna ƙarƙashin bishiyar bedi yana kallonta, sai ka ce wani ne ya haifa masa ita.

A ranin wannan shekarar ne uwata, wadda kuke kira Inna, ta faɗi bakin rijiya ta goce ƙugu. Lokacin shanunmu suna nan kusa, suna cin kara a gonakin da aka girbe, sai ƙanena Buba ya ɗauko ta a amalanke ya kawo mini. An kai ta likita, aka yi abin da za a yi, aka ce tafiya ta ƙare mata sai dai daga gado zuwa tabarma, kuma kada a girgiza ta. Ku da kuka tashi cikin gari ba za ku gane abin da aka yanke mata ba. Matar nan tun da aka haife ta ba ta taɓa kwana cikin ɗakin da ba za ta iya kwancewa ta ɗora wa takarkari ba. Yanzu ga ta tsakanin bango huɗu, ƙarƙashin kwano, ƙarar izin a kunnenta safe da yamma. Ranar da na dama mata fura da madarar gari, ta ɗanɗana, ta dube ni, ta tambaye ni da Fillanci ko laifin me ta yi mini tun ina ƙarama.

Sai kuma zancen surukuta. Kowa yana kunyar surukarsa, amma ta babanku da Inna ta wuce misali. Tun ranar da ya auri 'yar tallan nonon ƙofar izin, wato ni, fiye da shekara talatin, bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba, ita ma ba ta taɓa yi masa magana ba. In ya je ruga gaisuwa, can nesa yake durƙusawa ya gai da ƙasa, ita kuma ta amsa wa ƙwaryar da ke gabanta. Ba ta kiransa komai sai "Kaɗon naki". Ba ƙiyayya ba ce, domin duk kaka tana aiko masa da man shanu mafi kyau, shi kuma yana aika mata gishiri da turmin atamfa. Amma wannan kunyar da nisa ta saba. Da aka haɗa su gida guda, sai maigida ya koma baƙo. Daga zaure yake fara tari don ta san zai shigo, har muryarsa ta dushe. A zaure yake cin tuwo, a zaure yake shan shayi. Don ya sama wa kansa lafiya, ita ma ta sake, sai ya sayo buhunan siminti ya jibge a tsakar gida, ya ce zai gina mata ɗakinta can ƙurya, da ƙofarta daban.

Da ruwan farko ya sauka manoma suka yi shuka, dole Buba ya janye shanu daga gonaki, ya yi arewa da su can bisa dabagi, wato tudun dajin da ke bayan Tajaye, inda muke yin damina tun kakanni. Wannan ce damina ta farko da aka tashi babu Inna. In Buba ya sami rezo, wato sabis ɗin waya, sai ya kira, ya kara wayar kusa da garke. Inna ta riƙe salula da hannu biyu tana saurare, tana faɗin sunan kowace saniya daga kukanta, har ta yi wa Buba faɗa wai wata jar saniya ba ta ƙoshi ba. In an kashe wayar sai ta juya fuska bango. Abinci ya koma cokali biyu, daga nan ya koma kurɓin ruwa. Na ji tsoro ƙwarai, irin tsoron da ban ji ba ko ranar da ta faɗi, domin ƙugu ana ɗaure shi, wannan kuwa ban san inda zan kama ba.

Inna da Fillanci take yi mini magana. In ta juya Hausa, ta kuma ɗaga murya, to ba da ni take ba, da mai zaure take. Wata safiya ina shara ta yi hakan.

"Ke yarinya, ce ma Kaɗon naki shi bar wahalat tara siminti. Ni ban taɓa damana ƙarƙashin kwano ba. In kunka aje ni nan, kahin gero shi yi kai kun yi zaman makoki."

Yarinyar nan ni ce, lokacin da furfurata da jikokina. Kafin in buɗe baki sai na ji an yi gyaran murya a zaure.

"Dije, ce ma Inna in Allah ya so za ta ga shanunta."

Na tsaya da tsintsiya a hannu na tambaye shi da me za ta gan su, tun da takarkari ba ta iya hawa, amalanke kuma kwana da kwanaki ne cikin girgiza.

"Da mota," in ji shi.

"Tambai shi wace mota," in ji Inna. "Wagga da jama'a ka turawa kullum da sahe?"

Na san halinsa. An taɓa masa abin da ba zai bari ba. Na je zaure na gaya masa gaskiya, hanyar dabagi ba hanyar mota ba ce, rairayi ne da duwatsu da koramu, kuma in motar nan ta mutu a daji mu ma mun mutu da yunwa a gari. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko akwai sauran shayi.

Washegari ya tafi Ƙonni wurin abokinsa Ilu mai walda. Ilu mutum ne wanda bai taɓa cewa abu ba ya yiwuwa ba, shi ya sa bayan garejinsa ya cika da gawarwakin motoci. Kuɗi babu, don haka gyaran duk na tsince-tsince ne da musaya. Bunsurun da nake turkewa ya tafi, rediyon babanku ta bi shi. Da farko suka ce mota ta yi ƙasa, cikinta zai riƙa dukan dutse, sai suka kwanto lam daga wata matacciyar motar siminti, wato dogayen ƙarafan nan masu lanƙwasa da gadon mota ke zaune bisansu, suka ƙara mata. Ta tashi sama har sai ka yi tsalle kafin ka kama ƙofa. Suka samo manyan tayoyi 'yan gwanjo daga tsallaken Najeriya, babu biyu da suka haɗa uwa. Tayoyin suka riƙa gugar jiki, Ilu ya ɗauko wuta ya yanke jikin. Suka ɗaura bututun roba irin na famfo daga inji har saman gilashi, wai don mota ta yi numfashi cikin ruwa. Suka bi duk ɓulin da tsatsa ta yi a gadon baya suka toshe da walda, kada ruwan korama ya shigo ta ƙasa. Kowace yamma yana dawowa baƙi ƙirin, ya tsaya a zaure ya ba ni rahoto da ƙarfi, ni kuma in tsaya a tsakar gida kamar ba na ganin Inna ta kasa kunne.

Saura wurin zama. Inna ba za ta shiga gaba ta zauna kafaɗa da kafaɗa da surukinta ba ko da sama za ta faɗo, kuma ƙugunta ba ya son zama sai kishingiɗa. Ran kasuwa na dawo gida na tarar da katifata a ƙasa. Gadona na ƙarfe mai rumfa, wanda ya saya mini da na haifi babbarku, yana can Ƙonni Ilu yana liƙa ƙafafunsa a bayan mota. Da na yi magana sai ya ce ai uwata ce za ta kwanta, ba tasa ba. Har yau ina jin haushin maganar nan.

Ranar da aka kawo motar Malbaza, unguwa ta fito. Wani ya tambaya ko ta haya ce ko ta kwana. Inna ta sa aka ɗaga mata labule ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta sa sharaɗi. A cika gora da kindirmo, a toshe, a ɗaure bisa gadon, a je bakin fadama a dawo. In nono ya dawo yadda ya tafi, za ta shiga. Babanku ya karɓi gora da hannu biyu ya tafi. Daga ƙofar gida muna hango motar tana tsalle bisa hanya kamar ɗan akuya. Da ya dawo, wuyansa a sage, na kai wa Inna gorar. Ta buɗe, ta zuba a ƙwarya, sai ga man shanu curi-curi yana yawo a sama.

"Ce mishi motatai ta iya kaɗa nono," in ji Inna. "In nish shiga da ƙugun ga, mai za shi kai ma Buba, ba uwa ba."

Abin da ya faru shi ne ƙarfen da ya saba ɗaukar lodin babbar mota ba ya jin nauyin gado da gora, bai ko lanƙwasa ba. Sai an danne shi da kaya mai nauyi zai yi laushi, kuma nauyin zai taimaki tayoyin baya su kama rairayi. Ilu ya ce a cika buhuna da rairayi a jera. Babanku ya dube shi kamar ya zage shi.

"Rairai? Ni mutumin Malbaza in ɗauki rairai in kai daji, inda rairai yaf hi yawa? Ƙarhen ga siminti yas sani, siminti za a ba shi."

A nan ne kuke dariya, amma ku tuna inda kuka tashi. A Malbaza babu ciwon da siminti ba ya magani. Turmi ya tsage, siminti. Randa ta yi yoyo, siminti. Ramin gara, ramin ɓera, ƙafar kujera, har na ga wanda ya liƙe gindin tukunya da shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jan siminti, in ya ji kalmar nauyi, ba abin da zai zo masa a rai sai buhu. Ga su kuwa jibge a tsakar gida, na ɗakin da Inna ta ce ba ta so. Aka jera su ƙarƙashin gado da gefensa, ƙarafan suka kwanta lif. Na ce masa damina fa ake, ya ce ai yana da tampol, ya rufe su ruf. Aka sake ɗaura gora, aka je aka dawo, kindirmo ko motsi bai yi ba. Inna ta leƙa ƙwarya, ta ce in ɗaure mata kayanta. A ranar ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Safiyar tafiya aka ja motar baya har jikin dakalin ƙofar gida, mata suka ɗauko Inna suka shimfiɗe ta, babanku kuwa yana can ya ba mu baya yana nazarin bangon maƙwabta. Rana ta fito da zafi, sama fes babu ko ɗigon gajimare, ga rumfar gado babu rufi. Da kansa ya ce kada rana ta taɓa Inna, ya sa aka yaye tampol daga kan siminti aka ɗaura bisa rumfar. Da ya shiga ya zauna, sai ya ga madubin tsakiya yana nuna masa gado sak. Ya sa hannu ya karye shi, ya jefa ƙarƙashin kujera. Muka shirya in zauna baya da Inna, in akwai magana in buga rufin mota. Jama'a suka tura, ta yi tari, ta kama.

In gaya muku gaskiya, motar nan ta yi aiki. Da muka sauka daga kwalta muka kama rairayi, na rufe ido ina jiran ta nutse, sai ta bi ta wuce tana gurnani. Duwatsun da za su fasa cikin kowace mota ta tsallake su ba ta taɓa ba. Duk ƙauyen da muka ratsa sai mata su bar daka su bi mu da kallo, ga tsohuwa kishingiɗe bisa gado mai rumfa tana tafiya cikin daji. Babanku yana fito da hannu yana gai da mutanen da bai sani ba. Da muka wuce Tajaye muka shiga burtali, Inna ta tashi zaune. Tana nuna mini inda aka haifi Buba, da inda kura ta taɓa kashe mana maraƙi, tana faɗa da manoman da suka ci gefen burtali da shuka, ko da yake ba mai jinta sai ni. Muryar da na yi wata da watanni ban ji ba ta dawo. Na juya kai na share ido, na ce mata ƙura ce.

Bayan azahar gabas ta haɗe. Kun san ruwan ƙasarmu, ba ya sallama. Iska ta taso, kafin in buga rufi an tsuge kamar da bakin ƙwarya. Inna tana ƙarƙashin tampol ko ɗigo bai taɓa ta ba, har tana miƙa hannu waje tana tara ruwa tana shafa wa fuska. Siminti kuwa yana fili. Buhunan takarda suka jiƙe suka fashe, kuma da yake Ilu ya toshe kowane ɓuli da kyau, ruwan da aka hana shigowa ta ƙasa ya shigo ta sama ya rasa hanyar fita. Gadon mota ya zama kwami, girgizar hanya ta zama mai kwaɓi. Na ji ƙafata tana nutsewa cikin wani abu mai kauri, na janye ta na hau gadon, takalmina ɗaya ya zauna. Na yi ta dukan rufi, shi kuwa ya ɗauka ƙarar ruwa ce.

Haka muka iso bakin korama ta ƙarshe, wadda daga ita sai hawan dabagi. Ruwan sama ya tsagaita, kuma can tsallake bisa tudu muna hango fararen shanu da hayaƙin ruga. Koramar ba ta kai gwiwa ba lokacin. Babanku ya dogara ga bututunsa ya shiga. Bututun bai ci amanarsa ba, inji bai mutu ba, amma motar da ta sha ruwa ta ƙara nauyi ta kai tsakiya ta zauna. Tayoyi suka yi ta juyawa suna haƙa wa kansu kabari. Ya fito ya zagayo, kansa a ƙasa saboda Inna, sai idonsa ya faɗa cikin gadon mota. Ya daɗe yana kallon kunun simintin nan. Ni dai ban ce na gaya maka ba, kuma ina so a rubuta mini wannan cikin ayyukan alheri.

Ruwan da aka yi can sama ya fara isowa. Jan ruwa ne mai ɗauke da itace da kumfa, yana hawa muna gani. Na gwada kiran Buba, babu rezo. Na yi kira da baki, ƙarar korama ta haɗiye. Ni da gwiwoyin nan nawa ko kaina da ƙyar zan fitar, balle in goyi Inna. Babu kowa a wurin sai mu uku, kuma biyu daga cikinmu ba sa magana da juna. Ruwa ya kai masa cinya. Sai na ga ya cire hularsa ya cusa aljihu, ya matso jikin motar, ya juya mana baya, ya ɗan rusuna.

"Dije, ce ma Inna ga bayana."

Na gaya mata, ko da yake tsakaninsu bai kai kamu biyu ba. Inna ta dubi ruwa, ta dubi tudun da shanu suke, ta dubi ƙeyar mutumin da ta yi shekara talatin tana kauce wa inuwarsa. A wurinta abin da ake nema ta yi ya fi mutuwa nauyi, kuma na san in ta ce a'a, a'a ce, sai dai korama ta tafi da mu duka.

"Ce mishi shi ruhe ido," in ji ta.

Na ce Inna, bayansa fa ya ba ki, ba ido a ƙeya, kuma in ya rufe ido cikin wannan ruwan ku biyu za a tsinta Ƙonni. Ta ce ta faɗi abin da ta faɗa. Na leƙa fuskarsa, ashe har ya rufe, ya matse su gam. Na taimaka mata ta zamo daga gado, ta kwanta a bayansa, ta riƙe kafaɗunsa. Ya tallabe ta a hankali saboda ƙugun, ya ɗaga ƙafa, ya nufi inda ruwa ya fi zurfi kai tsaye. Ni ina baya riƙe da ƙarfen mota, kafin in haɗa kalma an riga ni.

"Hagu," in ji Inna.

Ba ni ta gaya wa ba. Ya tsaya cak kamar an harbe shi, sannan ya yi hagu.

"Ya isa. Miƙe. Akwai dutsi gabanka, ɗaga ƙahwa. A hankali, ba siminti kaɗ ɗauko ba."

"To, Inna."

"Dama kaɗan. Kai ko takarkari ya hi ka jin magana."

"To, Inna."

Haka suka ƙetare, makaho da gurguwa, tana ja masa kunnen riga in tana son ya juya. Ni na biyo su ina rarrafe, ina kuka ina dariya, ruwa yana shiga mini baki. Da suka taka tudu na ce ya sauke ta ya huta, ya ce in gaya wa Inna ƙasa da laka. Ta ce in gaya masa ya buɗe ido tun da an fito. Ya buɗe, ya kafa su ƙasa, ya ci gaba da hawa da ita har cikin ruga. Buba ya hango su ya saki sandarsa. Babanku ya durƙusa bakin garke, matan ruga suka karɓe ta, shi kuwa ya yi can bayan wata geza ya zauna yana haki. Inna ta yi kira irin nata, siriri, wanda na sani tun ina goye. Shanu suka ɗaga kai. Wata tsohuwar jar saniya ta ratso garke ta zo ta sa hanci a cinyarta tana huci, Inna ta kama kunnenta tana yi mata faɗan rama.

Sai da ruwa ya janye washegari aka ɗaura wa motar bijimai suka fizgo ta. Siminti ya riga ya kama, ya zama dutse guda daga bango zuwa bango, da ƙafafun gadona a ciki, da takalmina, da butar alwalarsa. Mun dawo da ita Malbaza tana nishi. Ilu ya zo da guduma da kurfi, ya yi yini yana duka, abin da ya samu bai cika kwano ba, ya ce aikin ya yi kyau, siminti ne na gaske. Ba ta ƙara ɗaukar kayan kowa ba, domin ta riga ta ɗauki lodinta na har abada, kuma man da take sha ya fi abin da kowace kasuwa za ta bayar. Ta tsaya ƙofar gida, 'yan unguwa suka sa mata suna Dakali, tsofaffi suna hawa suna hira, har ranar da masu sayen ƙarfe suka yanka ta. Ni na koma tallan fura da tsufana, babanku ya koma gadi a wani shago. Ku manyan kun tuna shekarun da miya ba nama. Daga nan suka fito, kuma ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba, ni ce dai nake yi masa gorin gadona in mun yi faɗa.

Inna ta yi daminarta cikakkiya a dabagi. Ana fito da ita bakin garke kowace safiya, tana tatsa daga zaune, tana hana kowa sakat. Sau ɗaya babanku ya koma gaishe ta, ya durƙusa can nesa ya gai da ƙasa, ta amsa wa ƙwarya, kamar ba a taɓa yin korama ba. Da kaka, ana cikin yankan gero, ta rasu da hantsi bisa tabarmarta, shanu suna fita kiwo. Can aka rufe ta.

Bayan an share makoki mun dawo gida, wata yamma na kai masa shayi. Ya koma cin abinci cikin gida, amma ranar a zaure na same shi. Ya karɓi kofi ya riƙe bai sha ba.

"Dije, wai yaya kamanninta suke?"

Na ce wa?

"Inna. Na san muryatta, na san nauyinta, bai kai buhu guda ba. Huskatta ce ban sani ba."

Na so in yi dariya, abin ya ƙi fitowa. Na ce ya dube ni, ya ƙara mini shekara ashirin, ya cire haƙoran gaba. Ya ajiye kofin ya dube ni, ya daɗe yana kallo, irin kallon da bai yi mini ba tun ina tallan nono. Sannan ya sunkuyar da kai ƙasa, yadda ya saba yi mata, ya ce Allah ya jiƙan Inna.